Gawon da Iska Ta Kayar

Ba ni na sare shi ba, a shaida.
Iskar daren Talata ce ta kwantar da shi
bisa dannin gonarmu, yamma da Kalfu,
saiwoyinsa a sama
suna kallon ranar da ba su taɓa gani ba.

Da hantsi ɗan gandun daji ya zo kan babur,
ya kewaya, ya shafa ɓawo, yana neman bakin gatari.
Bai samu ba. Ya sha ruwan randa,
ya ce, "Naka ne, Nomau."
Nawa?
Shekara arba'in Baba na hana mu ko reshe.

Na wasa gatari a dutsen bakin rijiya.
Ƙota ta yi sako-sako,
na jiƙa ta kwana guda, ta kumbura, ta kama.
Daga rassa na fara.
Ƙaya na ja gefe, rabon shinge ce,
awakin Tunau ba su san kunya ba.
Ƙirare na bar wa yara su ɗaure da ɓawon kalgo.
Masu kauri na auna kamu biyu-biyu,
daidai murhun Tasalla,
wadda ta gaji da hura kara yana cinyewa kafin tuwo ya sulala.

Bazara na dafa ƙeya.
Zufa ta gangaro da gishirinta cikin ido.
Gabas ta fara ɓata rai da la'asar,
ga jinkar rumbu tana jiran sabuwar shuci,
ga ramukan tassa babu taki,
ga sabara ta sake tofowa inda na yi sassabe.
Jadi ya aiko murya daga Abijan:
zai iso kafin shuka.
Haka ya ce bara.

Gawo ba ƙirya ba ne, ba ya gardama da ƙarfe,
sai inda reshe ya rabu da uwa,
nan yake ɓoye taurin kai.
Nan ne, rana ta uku,
gatari ya ce ƙal,
hannuna ya mutu har kafaɗa.

Na tsaga a hankali.
Ruwan hauya ne, baƙi ƙirin,
itace ya rungume shi, ya yi masa ɗaki.

Na san shi.
Ina ɗan shekara bakwai ya ɓace.
Baba ya ce ni na yar a hanya,
ya karyo tsumagiyar geza,
na kwana ban ci ba, ina rantsuwa cikin zanen Inna.
Yanzu na auna daga gindi zuwa gurbin:
tsayin mutum da hannunsa a miƙe.
Ba hannun yaro ke kaiwa nan ba.

Na zauna kan kututture.
Na nemi fushin, na tarar gara ta riga ni.
Dariya ce ta zo, ita ma ba ta daɗe ba.
Wanda zan nuna wa
yana kwance bayan gari tun shekarar da rijiya ta rufta.

Amalanke uku ya yi.
Ɗaya na kai Tawa ranar Lahadi,
mai gidan burodi ya taya kamar yana ba ni sadaka,
na sayar, na sayo igiya da gishiri.
Biyu na jera a rumfa bisa duwatsu,
manya a ƙasa, ɓawo na kallon sama,
kada damina ta sami inda za ta zauna.

Ganda maƙeri ya juya ƙarfen a tafinsa,
ya ce tsatsa ta ci rabonta,
ko wuƙar yankan kuɓewa ba za ta fita ba.
Na karɓi abina.

Kusa da ramin saiwa akwai ɗan tsiro,
bai kai gwiwa ba, ƙayarsa fara.
Na kewaye shi da ƙayar uwarsa.
Ina cikin ɗaurewa
ɗigo ya sauka a wuyana, babba, mai ɗumi,
ƙasa ta saki ƙamshi.

Rumbu kuwa har yanzu kansa a buɗe.
Tasalla na kira a kawo tsani.